"Wani Ɗan Garinmu Ne": Ƙaryar da Ake Yi a Bakin Ƙofar Lakwal



Akwai wata ƙarya da ake yi a bakin ƙofar kolej da lise, daga Waca zuwa Dungas, daga Magariya har Damagaram, kuma babu wanda bai san ta ba. Gajeriya ce, kalma huɗu kacal: "Wani ɗan garinmu ne." Ana yin ta ranar da uba ya baro ƙauye ya zo ganin ɗansa, da malfa a ka, da taguwar da rana ta ci launinta, da takalmin taya a ƙafa, wani ma da warkinsa ɗaure bisa wando don daga fadama ya taso. Ya sauke ɗan buhun hatsi daga bayan kabu-kabu, ya tsaya yana leƙe ko zai hango yaronsa. Abokai su tambaya, "Kai, wane ne wancan tsohon?" Sai ɗan da aka haifa, aka yi wa yanka ran suna, ya buɗe baki ya ce wani ɗan garinsu ne. Wasu ma sun fi haka ƙwarewa, cewa suke mai yi musu aikin gona ne. Ƴan mata kuwa, in uwa ta zo da ɗaurin zane da ƙwarya a ka, sai a ja ta bayan katanga a karɓi saƙo da sauri, kamar ana cinikin kayan sata.

Wannan rubutu faɗa ne, ba zan ɓoye ba. Amma faɗan ba da ƙananan ƴan sizyem nake yi ba, waɗanda jiya-jiya suka bar gida, dariyar aboki ɗaya ta isa ta hana su barci. Da manya nake, masu shirin bak da waɗanda suka riga suka shiga jami'ar Damagaram ko ta Yamai, masu iya tsayawa awa biyu suna bayani kan mulkin mallaka da ƴancin Afirka, amma ba su iya taka sawu goma cikin filin lakwal tare da mahaifinsu.

KUNYA IRI BIYU CE

Bahaushe ya san kunya, da ita aka rene shi. Kunya ce ke hana ka faɗin sunan ubanka gatsau. Ita ke sa ka durƙusa in za ka gaishe shi, ka cire takalmi, ka kasa haɗa ido da shi. Iyayenmu su ma suna jin kunyarmu: uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ko da kuwa ranta na kansa. Wannan kunya girmamawa ce. Mai yin ta sunkuyar da kansa yake don ya ɗaga na wani.

Wadda ake yi a bakin ƙofar lakwal daban take, sunan kawai ta ara. Mai yin ta sunkuyar da ubansa yake don ya ɗaga kansa. Ainihin sunanta raini. Ku daina cewa "kunya nake ji", ku ce "raina shi na yi", mu ji ko bakinku zai iya furtawa. Addinin da muke taƙama da shi ya hana ɗa nuna wa iyayensa ko da ɗan tsakin gajiya. To ina ga wanda ya tsaya ido da ido ya ce bai san su ba?

BA AL'ADA AKE GUDU BA

Wasu za su ce ai matasan yanzu ne ba sa son kayan gargajiya. Ban yarda ba. Ku dubi ranar salla, ku dubi hawan da ake yi a ƙofar fadar Sarkin Damagaram. Wane saurayi ne ba ya son a ɗauke shi hoto cikin babbar riga da hula, ya sa a Facebook? In uban wani ya zo lakwal cikin shadda mai sheƙi, aikin wuya har ciki, ya fito daga mota, ɗan da kansa zai ruga ya buɗe masa ƙofa, ya zaga da shi aji-aji. Ai ita ma babbar rigar kayan gargajiya ce. Shugabannin ƙasar nan, tun daga Diori Hamani, da ita suka sha shiga manyan taruka na duniya, ba wanda ya rufe fuska.

Ku dubi kokowa kuma. Tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa, duk shekara ƙasar nan tsayawa take cik. Ƴan kokowa su shigo fili da warki da layu da guraye, jiki duk ƙura, mu kuwa muna manne da rediyo da talabijin muna ihu, kowa na kirarin ɗan jiharsu. Warkin da ke ƙugun ɗan kokowa da wanda ke ƙugun Baba, ba fatar akuya ɗaya ba ce? Me ya sa ɗaya ake yi masa tafi, ɗaya ake ɓoye shi bayan katanga? Amsar ba ta da daɗin ji: wancan warki yana kawo takobi da doki da kuɗi, wannan kuwa gumi yake nunawa.

Ashe ke nan ba tufa ake jin kunya ba. Talauci ake gudu, da noma, da kantar hannu, da faso a dunduniya. Tufar shaida ce kawai, ita ke tona asirin inda muka fito. Ɗalibin da ya ɓoye ubansa so yake a ɗauka shi ɗan ma'aikaci ne ko ɗan alhaji, a ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna fiye da mutum 8 cikin 10 a karkara suke zaune. Wa ake yaudara? Abokin da kake yi wa ƙaryar, in ka bincika, shi ma nasa uban yana can cikin rake ko rogo a fadamun Korama, da irin malfar da irin takalmin. Makaho ne ke yi wa makaho kwalliya.

Ga wani abin da ya fi ba ni haushi. In bursu ta yi jinkiri, mukan fito ƙarƙashin tutar USN muna cewa mu ƴaƴan talakawa ne, a ba mu haƙƙinmu. Gaskiya ne, haƙƙinmu ne. Amma yaya za a yi talaka ya zama abin alfahari a cikin taken zanga-zanga, ya zama abin kunya in ya zo da ƙafarsa bakin ƙofa? Da sunansa muke karɓa, fuskarsa ce ba ma so a gani. Wannan munafunci ne, ba shi da wani suna.

WA YA KOYA MANA?

Ba da wannan ciwo aka haife mu ba, koya mana aka yi. Faransawa sun kama Damagaram a 1899, nan ce ma hedikwatar mulkinsu har 1926 da suka mayar da ita Yamai. Lakwal da suka kawo, manufarta ta fari ita ce ta fitar da tafinta da magatakarda, mutanen da za su tsaya tsakanin Bature da talaka. Sun raba mutane gida biyu: ƴan tsirarun da suka ce sun waye, masu kwat da Faransanci, da sauran jama'a da ake yi wa hukunci ba shari'a, ake kora aikin dole har zuwa 1946. Ku tambayi yayyenmu da iyayenmu da suka yi lakwal labarin sambol, abin da ake rataya wa yaro a wuya in ya kuskura ya yi Hausa cikin aji. Yaron da aka koya wa cewa harshen uwarsa laifi ne, ba sai an gaya masa cewa zanenta ma abin ɓoyewa ne ba. Da kansa zai ƙarasa lissafin.

Bature ya tafi a 1960, amma ma'aunin da ya bari yana nan, mu muke riƙe da shi yanzu. Ku saurari zagin da ke yawo tsakaninmu: baƙauye, bagidaje, ɗan daji. Ku kalli finafinan barkwanci da muke turawa juna a waya. In ana son a nuna wawa, me ake sa masa? Malfa, da yagaggiyar taguwa, da sanda a kafaɗa. Kayan iyayenmu ke nan aka mayar rigar wawa, mu kuma muna ƙyalƙyala dariya har da riƙe ciki. Akwai ma wasu mushe, ba duka ba, da in ɗalibi ya kasa amsa tambaya sai su ce ya koma ƙauye ya kama hauya, kamar hauya hukunci ce. Na duƙe tsohon ciniki, shi ne yau ya zama abin tsoratar da yara.

LABARIN ZANEN MAZA A SIKOTILAN

Kada ku ɗauka mu kaɗai abin ya taɓa samu. A arewacin tsibirin Birtaniya akwai ƙasar Sikotilan. Mutanen duwatsunta, makiyaya da ƙananan manoma, suna da wata tufa ta ulu mai layi-layi da maza ke ɗaurawa daga ƙugu zuwa gwiwa, ba wando, kusan kamar zane. Kilt suke ce mata. Mutanen birane na kudancin ƙasar da na Ingila kallon ƴan daji suke yi musu. Bayan an murƙushe tawayensu a yaƙin Kuloden a 1746, gwamnatin Landan ta kafa doka ta haramta wannan tufa, sai ga wanda ke aikin soja. Wanda aka kama da ita karon farko, wata 6 a gidan kaso. In ya sake, a kore shi ƙetaren teku shekara 7. Sai a 1782 aka soke dokar.

Ku ji inda labarin ya juya. A 1822 Sarkin Birtaniya Joj na 4 ya kai ziyara Edinbara, babban birnin Sikotilan, ya fito sanye da wannan tufa da kansa. Shi ke nan. Jikokin waɗanda suka raina ta suka shiga rububin ɗinka tasu. Yau da ita ake ɗaurin aure a can, da ita masu goyon bayan ƙungiyar ƙwallon ƙasar ke zuwa fili a ko'ina cikin duniya, kuma mai tsada ce. Ulun bai canza ba, tsawon bai ƙaru ba, gwiwa tana nan a waje. Mai sawa ne ya canza. Da talaka ke ɗaura ta ƙauyanci ce, da sarki ya ɗaura ta zama asali.

Mu ma haka za mu jira? Sai ranar da wani mai ɗinki a Paris ya yi wa malfa da warki sabon suna, ya sa musu kuɗi mai yawa, sannan za mu tuna na gidanmu ne?

Akwai waɗanda ba su jira sarki ba. Gandhi na Indiya lauya ne da ya yi karatu a Landan, ya san kwat sarai. A 1921 ya ajiye sauran tufafinsa ya koma ɗaura ɗan gyauton da talakan ƙasarsa ke ɗaurawa, kuma da shi ya shiga fadar Sarkin Ingila a 1931. Manyan Turawa sun yi masa ba'a, bai canza ba. Nan kusa da mu, Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya sa ma'aikatan gwamnati sanya saƙin ƙasarsu, Faso Dan Fani, don kuɗin ya koma hannun manomin auduga da masaƙa. Yawancinmu muna da hotonsa a waya. Hoton yana da sauƙin ɗauka. Abin da ya yi nufi shi ne mai nauyi.

MU DUBI NAMU JIKIN

To, mu da muke raina kayan Baba, me ke jikinmu? Bosho. Rigunan da wani ya sa a Turai ko Amurka ya gaji da su ya yar, aka ɗaure cikin dila, aka sauke a tashar jirgin ruwan Kwatano ko Lome, suka bi hannu-hannu har kasuwar Magariya. Wani na yawo da rubutu ɓaro-ɓaro a ƙirji bai san me yake cewa ba. Wani ya sa rigar Barcelona da sunan wani ƙato a bayansa, sunan uban wani, yana taƙama, shi da ya kasa amsa sunan nasa uban a bakin ƙofa. Ban ce sa bosho laifi ba ne, abin da aljihu ya iya ke nan, kuma yana rufa asiri. Amma mai kayan aro ya rage baki, don kayan aro ba ya rufe katara.

Ita kanta shaddar da ake yi wa kallon sarauniyar kayan gida, mai tsadar cikinta, Getzner, a Ostiriya ake saƙa ta. Atamfar da iyayenmu mata ke kira Holan, kamfanin Vlisco ne ke buga ta a ƙasar Holan, sunan bai yi ƙarya ba. In ana maganar abin da hannun mutanenmu ya yi tun daga tushe, sai a koma kan waɗancan da muke ɓoyewa. Malfa, da kaba aka saƙa ta a nan. Warki, akuyar gida ce, majemi ya jeme fatar da bagaruwa. Kuma ba ƙaramar fata ba ce. Fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, Turawa na saye suna kiran ta fatar Maroko, don ta can take isa gare su. Dukawan Damagaram har gobe da aikin fata aka san su. Bajamushe Heinrich Barth, da ya shiga Kano a 1851, ya rubuta yadda saƙi da rinin ƙasar Hausa ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Kakanninmu tufatar da wasu ƙasashe suka yi. Mu jikokinsu muna tsintar abin da wasu suka tuɓe, muna kuma yi wa masu saƙin dariya.

UZURORIN DA AKE KAWOWA

Na san abin da za a ce, don an sha faɗa a ɗakunan kwana da wajen shayi.

Za a ce, "Ba raini ba ne, tsafta ce. Me zai hana ya yi wanka ya sa rigar salla in zai zo?" Sau nawa ka ga mutum ya yi tafiyar rabin yini a bayan buɗaɗɗiyar mota ko amalanke, cikin ƙurar hunturu, ya sauka fes? Rigar salla kuwa, wataƙila guda ɗaya gare shi, wataƙila kuɗin da zai ɗinka ta biyu su ne suka zama kaye da bik da kuɗin hayar ɗakinka. Ƙurar da ke jikinsa a hanyar zuwa wurinka ya kwashe ta. In har tsaftar ce ta dame ka, kai shi masauki ka ɗebo masa ruwa, ka wanke masa rigar. Mai son tsafta haka yake yi, ba ya canza wa ubansa suna.

Za a ce, "Abokai dariya suke yi, ba ka san zafinta ba." Zafinta gaskiya ne, musamman ga ƙaramin yaro baƙo a birni, wanda ke kwana a zauren mutane. Shi ya sa laifin mai dariya ya fi na mai ɓoyewa. Amma dariyar nan tsoro ne abincinta. Ranar da babban ɗalibi ɗaya, wanda ake ganin girmansa a aji, ya kama hannun tsohonsa ya ce "ku gaishe da babana", bakin ƴan dariya mutuwa yake, don kowannensu ya san abin da ya baro a gida. Abokin da zai guje ka don malfar ubanka, gara ya tafi tun yau.

Za a ce, "Warki kayan arna ne, kayan jahiliyya." Manomi ko maƙeri ko maharbin da ya ɗaura warki bisa wandonsa, kare jikinsa yake daga ƙaya da tartsatsin wuta, kamar yadda makanike ke sa rigar aiki. In lokacin salla ya yi, ya kwance ya yi alwala, sau da yawa ma ya riga mu shiga sahu. Kada mu fake da addini mu yi abin da addinin ya hana.

Za a ce, "To so kake mu zo aji da warki?" A'a. Ba wanda ya ce ka ajiye wandonka. Kowane aiki da tufarsa, kuma tilasta wa mutane tufa ba ya gyara zuciya. Mobutu ya hana kwat da ɗamarar wuya a Zayar da sunan komawa asali, bai hana shi wawure dukiyar ƙasar ba. Sa abin da kake so. Magana ɗaya ce: kada tufarka ta sa ka ƙi tsayawa kusa da tasa.

ABIN DA KE HANNUNMU

Wataƙila kuna zaton tsofaffin nan ba su gane ba. Sun gane sarai. Uban da aka tare a bakin hanya aka karɓi buhu aka ce "koma kada mota ta tashi", ya san abin da ake nufi. Ba zai yi magana ba, don irin tasa kunyar ba ta barin shi. Zai dai daina zuwa, ya riƙa aiko da saƙo ta hannun direba. Ya koma majalisar ƙauye, in an zo rubuta yara lakwal, maƙwabci ya tambaye shi shawara, me kuke zaton zai ce? Muna kuka iyaye a karkara ba sa son sa yara boko, musamman mata, muna cewa jahilci ne. Wani lokaci ba jahilci ba ne, abin da suka gani ne. Sun ga lakwal ta karɓi ɗa mai durƙusawa ta mayar musu da baƙo. Duk ɗalibin da ya yi ƙaryar nan, ƙofar aji yake rufe wa ƙannensa bai sani ba.

Saboda haka ga abin da nake kira gare shi, ba ya bukatar ko dala. In naka ya zo, fita ka tare shi a fili, ka durƙusa ka gaishe shi yadda kake yi a gida, ko da surbeyan da dukan aji na kallo. Karɓi buhun ka ɗora a kanka. Shiga da shi ta babbar ƙofa, ka kai shi ya gaisa da mushe, ka ce "Babana ne" da muryar da za a ji. Ke ma ƴar uwa, riƙe wa Inna ƙwaryarta, ki zaunar da ita inda kike zama. In ka ji wani na yi wa uban wani dariya, kada ka yi shiru, tambaye shi sana'ar nasa uban. Manyan ɗalibai su fara, ƙanana za su bi. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban Waca da Dungas da Magariya, da ke shirya wasanni da darussa lokacin bakans, su sa wannan magana cikin abin da za a tattauna, a gayyato iyayen su zauna a sahun gaba da kayan da suka ga dama.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, balle wannan hannu bai ruɓe ba, shi ke ciyar da kai. Takardar bak za ta zo in Allah ya so, aiki ma zai zo, har da kwat da mota. Amma ranar da za a rubuta sunanka a kan takardar, sunan wannan mai malfar ne za a rubuta kusa da naka, ba na wani ɗan garinku ba.

Wassalam.